Dacewar Faifan Haɗi da Giya Yayin Sauya Injin A-kori-kura: Nazari kan Injinan LS na General Motors

Tsakure

Maƙalar ta duba matsalar da ke tasowa idan aka haɗa injin LS da tsohuwar giyar otomatik a motocin a-kori-kura na Chevrolet. Ta nuna cewa shigar notuna a ramukansu ba hujja ba ce ta dacewa. Tsawon bakin karanshaf ne ke raba gardama.

Gabatarwa

Faifan haɗi siririn faifan ƙarfe ne da ke tsaye a gurbin fulawil a mota mai giyar otomatik. Ana ɗaure tsakiyarsa da karanshaf, a ɗaure kwanbata, wato abin da ke kai ƙarfin inji ga giya, a jikinsa, haƙoran gefensa kuma su kik ke kamawa ya tayar da inji. General Motors ya fito da injin LS a 1997, ya fara sa shi a a-kori-kura a 1999, mai lita 4.8 da 5.3 da 6.0. Saboda yawansu da araharsu a wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci a Amurka, makanikai kan sa su a motoci irin C10, su bar giyar da suka tarar, wato TH350 ko TH400 ko 700R4.

Giɓin inci 0.400

Kamfanin bai sauya tsarin ramukan da ke haɗa inji da giya ba, in ban da rami ɗaya da ya ƙaura, don haka tsohuwar giya na zama cif. Nan ne bakanike ke yaudaruwa. Bakin karanshaf na LS ya gaza na tsohon injin Chevrolet da inci 0.400, kimanin milimita 10. Ita kuwa kwanbata tana da hanci wanda dole ya shiga ramin karanshaf kafin ta zauna a tsakiya. Idan bai kai ba, notuna kaɗai ke riƙe da ita. Daga nan sai jijjiga, faifan ya tsage, famfon man giya ya lalace.

Kamfanin da kansa ya bi hanya biyu. Ga giyar 4L60E ya yi faifai mai lotsawa. Ga 4L80E ya yi miƙaƙƙen faifai, ya sa zoben ciko tsakaninsa da karanshaf. Duka biyun suna ajiye haƙora 168 a daidai inda kik zai kama su. Wanda ya sa zoben tsakanin karanshaf da faifai mai lotsawa ya ture haƙoran sun wuce kik. Akwai kuma togaciya da ake yawan mantawa: wasu injinan lita 6.0 na 1999 da 2000 da dogon karanshaf suka zo, miƙaƙƙen faifai suke so ba tare da zobe ba. Ashe sunan inji kaɗai bai isa a sayi kaya da shi ba.

Batun da'irar notunan kwanbata bai kai wannan wahala ba. Ta TH350 inci 10.75 ce, ta TH400 da 4L80E kuma inci 11.5, alhali ramukan faifai mai lotsawa sun faɗa tsakaninsu. Wasu kan faɗaɗa ramukan da magagari. Yana yin aiki, amma a ganin wannan nazari ganganci ne a motar ɗaukar kaya, tunda ana samun faifan da aka huda wa da'irori biyu tun daga masana'anta.

Awon ƙarshe shi ne na ratar da ke tsakanin kwanbata da faifai. Bayan an tura kwanbata ta zauna sosai cikin famfo, an ɗaure giya da inji, ratar ta kasance tsakanin inci 1/8 da 3/16. In babu rata, kwanbata za ta danne famfo, ta ci boris ɗin da ke tare karanshaf. In ta yi yawa, jawo ta gaba zai rage kamun da ta yi wa famfon. Duk haɗin da bai ci wannan awon ba, a kwance shi kafin a tayar da inji.