Jirgi ko Matuƙi: Tarihin Takardar Shaidar Tuƙin Kwale-kwale Mai Inji a Amurka da Kanada

Abin da muke son mu nuna a wannan maƙala shi ne, hukumomin Amurka sun shafe kusan shekara 80 suna tsara dokar kwale-kwale mai inji kafin su fara tambayar mai riƙe da akalarsa abin da ya sani. Da aka zo tambayar kuwa, ba lasisi irin na mota aka ƙaga ba, sai wata takarda mai shaida cewa mutum ya yi karatu. Za mu bi yadda aka kai ga haka, kana mu gwada shi da hanyar da Kanada ta bi.

Asalin maganar tana komawa ne ga zamanin jiragen tururi. A watan Afrilu na 1838 tukunyar jirgin nan Moselle ta fashe a Kogin Ohayo, daura da birnin Cincinnati, mutum fiye da ɗari suka halaka. A cikin shekarar Majalisar Dokokin Tarayya ta kafa dokar duba gangar jirage da tukwanensu. Hatsari bai ragu yadda ake fata ba, domin dubawar ba ta da tsanani, saboda haka a 1852 aka sake wata doka wadda ta wajabta wa jagoran jirgin fasinja da injiniyansa su mallaki lasisi. Watau tun a lokacin an riga an gane cewa lafiyar jirgi ba ta isa ba in babu gwanin da zai ja shi. Amma wannan ganewa ta tsaya ne a kan masu ɗaukar fasinja don kuɗi.

Da ƙarni na 20 ya kama, sai injin fetur ya sauka kan ruwa. Wajen 1909 Ole Evinrude ya fara sayar da ƙaramin injin da ake maƙala wa kwale-kwale a baya, a birnin Milwaukee, kuma daga nan wanda bai taɓa koyon aikin ruwa ba ya sami damar shiga tafki da gudu. Dokar kwale-kwale mai inji ta 1910 ita ce amsar farko. Ta shafi jiragen da ba su wuce ƙafa 65 ba, ta umarci a sa fitilu da usur da abin kashe gobara da abin hana nutsewa. Game da matuƙi, mai ɗaukar fasinja don kuɗi kaɗai aka ce ya nemi lasisi, shi ɗin ma ba tare da jarrabawa ba. Amfanin lasisin shi ne a sami abin da za a ƙwace in ya yi ganganci ko maye. Mai yawon shaƙatawa kuwa ba a nemi kome daga gare shi ba. Dokar 1940 da ta gaje ta ta haramta tuƙin ganganci, amma ba ta taɓa wannan rangwame ba.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, don a ganinmu a nan ne bakin zaren yake. Giɓin da doka ta bari, ƙungiyoyin sa kai ne suka cike shi, kuma da gangan suka yi. A 1914 aka kafa ƙungiyar United States Power Squadrons, wadda ta samo tushe daga wani kulob na masu jiragen shaƙatawa a Boston ƙarƙashin jagorancin Roger Upton. Masu ƙananan jirage na tsoron kada sufetocin jiragen tururi su mamaye su da ƙa'idoji, don haka suka ga gara su koyar da junansu dokokin hanya, su nuna wa hukuma cewa ba a bukatar tilas. A 1939 aka ƙara kafa reshen 'yan sa kai na Rundunar Tsaron Gaɓar Teku, shi ma koyarwa na cikin manyan ayyukansa. Karatun da suke bayarwa mai kyau ne, ba mu musu. Illarsa ita ce mai hankali ne ke zuwa aji da ƙafarsa, shi kuwa wanda aka fi jin tsoron ɓarnarsa yana can kan ruwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kwale-kwale ya yawaita ainun, hatsari kuma ya bi sahu. Dokar 1958 ta sa a yi wa jirage masu ƙarfin doki fiye da goma lamba, a kuma kai rahoton hatsari, ta kuma jawo jihohi cikin aikin. Dokar 1971 ta juya kan masu ƙera jirage, ta ba rundunar ikon gindaya musu sharuɗɗa, ta ware wa jihohi kuɗin kiyaye haɗura. Har yanzu dai jirgi ake kallo. A 1973 mutum 1,754 suka mutu a hatsarin jiragen shaƙatawa, adadin da ba a taɓa wuce shi ba.

Tunda Tarayya ba ta taɓa matuƙi ba, sai nauyin ya faɗa kan jihohi, kowacce da salonta. Jihar Maryland ta fito da dabarar da jihohi da yawa suka ara: daga 1988 duk wanda aka haifa daga ranar 1 ga Yuli, 1972 sai ya riƙe takardar shaidar karatu kafin ya tuƙa. Dabara ce ta siyasa, domin ba ta taɓa manya masu jefa ƙuri'a ba, ta bar wa shekaru su gama aikin. Florida ta ɗora nata sharaɗi kan waɗanda aka haifa daga 1 ga Janairu, 1988. Alabama ce ta yi nisa, inda a 1994, bayan mutuwar wasu yara a hatsarin ruwa, ta kafa lasisi na ainihi wanda ake iya dakatarwa, ana sa alamarsa a jikin lasisin mota. New York da Kalifoniya sun bi matakin shekaru sannu a hankali, har ya zama daga 1 ga Janairu, 2025 sharaɗin ya hau kan masu tuƙi na kowane shekaru. Abin lura, wasu daga cikin irin waɗannan dokoki sun biyo bayan wata mutuwa ce da ta girgiza jama'a.

Kanada ba ta bar al'amarin ga larduna ba. A 1999 gwamnatin tarayya ta fito da katin matuƙin jirgin shaƙatawa. Da farko ya shafi waɗanda aka haifa bayan 1 ga Afrilu, 1983. A 2002 ya haɗa da masu tuƙa jiragen da ba su kai mita 4 ba. Ranar 15 ga Satumba, 2009 ya game kusan kowa. Cikin shekara goma ta gama abin da maƙwabciyarta ba ta gama ba har yau. Sai dai katin jarrabawar rubutu ce, tambaya 50, ba a neman mutum ya nuna yadda zai raɓa jirgi da gaɓa ko ya tsamo wanda ya faɗa ruwa.

Ko takardar ta yi amfani? A 2023 mutum 564 suka mutu a Amurka, watau ƙasa da sulusin adadin 1973. Rahoton rundunar na wannan shekara ya nuna cewa inda aka san karatun matuƙi, kimanin uku cikin huɗu na mace-macen sun auku ne a jiragen da matuƙinsu bai sami koyarwa ba. Wajibi ne mu yi hattara da wannan hujja. Saukar adadin ta fara tun kafin takardar ta bazu, lokacin da aka tilasta wa masu ƙira su sa abin da ke hana ƙaramin jirgi nutsewa ko da ya cika da ruwa, aka kuma tsananta kan tuƙi cikin maye. Bugu da ƙari, yawancin waɗanda suka nutse a 2023 ba su sanye da rigar ceto, alhali tana cikin abubuwan da ake koyarwa a darussan neman wannan takarda.