Makarantar Oron da Jiragen da Suka Ɓace

Horar da 'yan Najeriya aikin jiragen ruwa na kasuwanci ya daɗe ba a aji ake yinsa ba, a kan jirgi ake koyonsa. Kamfanin Elder Dempster na Liverpool, wanda ya mamaye jigila tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma, ya fi ɗaukar 'yan ƙabilar Kuru daga Saliyo, sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya koma ɗaukar ma'aikata a Legas. Gyaɗa da audugar da jirgin ƙasa ke ratsa Zariya da su zuwa Apapa, irin waɗannan jirage ne ke kai su Turai. Baƙar fata shi ne mai zuba kwal, mai wanki, mai hidimar abinci. Hafsoshi kuwa Turawa ne. A 1959 ma'aikatan jirgin ruwa mai suna Apapa suka yi yajin aiki a Liverpool saboda wariyar launin fata.

A wannan shekarar ce aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, gwamnati na da kashi 51, sauran na Elder Dempster da Palm Line, har 1961 da gwamnati ta saye shi gaba ɗaya. Duk da nisan Arewa da teku, sunayenta sun hau jiragen: Dan Fodio, El Kanemi, Ahmadu Bello, daga baya River Hadejia, River Rima da River Gurara. Samarin farko da aka zaɓa don su zama kyaftin da injiniya, kwalejojin Ingila aka riƙa tura su.

Makarantar gida ta samu ne a ƙarshen shekarun 1970 a Oron, cikin jihar Akwa Ibom ta yanzu, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a 1988 aka mayar da ita Maritime Academy of Nigeria. Tsarinta kamar na bariki ne: fareti, farin yunifom, aski ƙwal, biyayya ga na gaba. Amma abin da tsofaffin ma'aikata suka fi tunawa shi ne watannin kadet, wato mai koyon aikin hafsa, a teku. Yaro ya gama lissafin taswira a aji, ya hau jirgi, sai a miƙa masa guduma ya yi ta ƙwanƙwasar tsatsa, ya kankare, ya shafa fenti, gishirin teku ya sake cinyewa, ya koma. Zai koyi ƙullin igiya iri-iri, ya tsaya gadi awa huɗu ya huta takwas dare da rana, ya auna tsayin rana da taurari da na'urar hannu don gane inda jirgi yake. Na ɗakin inji kuma yana ƙasa cikin zafi da ƙara. Albashin bai taka kara ya karya ba, don haka da yawa suka dogara da ɗan kasuwancin gefe, suna sayo tsofaffin firji da kayan gida daga Turai su sayar a Legas, kamar yadda suka shaida wa masaniyar tarihi Lynn Schler a littafinta na 2016, Nation on Board.

A 1977 gwamnatin Obasanjo ta ba da odar sababbin jirage 19 domin NNSL daga Koriya ta Kudu da Yugoslabiya. Rashin kulawa, bashi da katsalandan suka ci su ɗaya bayan ɗaya: masu bin bashi suka kame wasu a tashoshin Turai, River Gurara ya nutse a gaɓar Fotugal a 1989 da asarar rayuka, aka rushe kamfanin a 1995. Nan ne ɓarnar ta fi muni, domin ƙa'idar duniya ba ta ba kadet na ɓangaren tuƙi takardar hafsa sai ya yi aƙalla wata 12 a teku. Makaranta ta ci gaba da yaye ɗalibai, jirgin da za su hau babu. Shirin da hukumar kula da harkar jiragen ruwa, NIMASA, ta fara a 2008 na tura matasa karatu ƙasashen waje shi ma ya yi fama da wannan matsala.

Mutanen Hanwa a Zariya, da suka saba ganin ƙananan jiragen koyo na kwalejin jiragen sama da aka kafa a 1964 suna shawagi a kansu, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayanin abin da makarantar tuƙi ke zama idan ba abin tuƙawa. Cibiyar NITT da ke hanyar Basawa, wadda aka kafa a 1986, tana koyar da gudanar da harkar sufuri ne; mai neman aikin teku daga Zariya, makaranta irin ta Oron ko ƙetare zai nufa.