Garwa da Mora a Yaƙin Duniya na Ɗaya: Yadda Aka Yanka Ƙasar Adamawa

Ƙasar da ke tsakanin kogin Binuwai da duwatsun Mandara, inda Garwa da Figil da Gidar da Marwa suke, ta sauya hannu sau biyu cikin shekara goma sha biyar. A 1901 da 1902 Jamusawa suka ƙwace ta daga sarakunan Fulani, a 1915 da 1916 kuma Ingila da Faransa suka ƙwace ta daga Jamusawa. Iyakokin da ake tsallakawa a yau tsakanin Kamaru da Najeriya da Cadi, asalinsu waɗannan shekaru ne.

Kafin zuwan Turawa, yankin ɓangare ne na Fombina, masarautar da Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya fara zama a Gurin, a bakin kogin Faro, kafin ya kafa Yola a 1841. Lamiɓɓen Garwa da Marwa da Bindir da Rai Buba da Ngaundare da Tibati duk suna kai gaisuwa Yola, ita kuma Yola tana kaiwa Sakkwato, ko da yake masu ƙarfi irin Rai da Tibati sukan yi abin da suka ga dama. Mutanen duwatsu da na gona, irin su Gidar da Fali da Mundang, wasu sun bi, wasu sun haye tudu sun ƙi bi, kuma su ne harin bayi ya fi faɗa wa. Fatake Hausawa da Barebari suna da zango a kowane babban gari, suna sauke tufafi da kanwa, su ɗauki hauren giwa da bayi. Wani abin da ya raunana masarautar tun kafin a ga bindigar Bature shi ne rikicin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Balda yana kira zuwa ga Mahadin Sudan. A 1893 ya karya rundunar Lamiɗo Zubairu a Bindir, garin da ba shi da nisa da Figil, ko da yake yau a cikin Cadi yake.

A wannan shekarar ce kuma aka raba ƙasar a kan takarda, masu ita ba su da labari. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta Nuwamba 1893 ta bar birnin Yola a hannun Ingila, ta miƙa wa Jamus mafi yawan ƙasar da Yola ke mulka. A Maris 1894 Jamus da Faransa suka shata nasu layin ta gabas. Kai ya faɗa gida ɗaya, gangar jiki ta faɗa wani.

Aiwatar da rabon ya ɗauki 'yan shekaru. A Satumba 1901 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka hauro Binuwai cikin jiragen ruwa masu tururi suka ci Yola. Zubairu ya fita, ya tara mayaƙa, ya gwabza da Jamusawa a Garwa a Nuwamba, aka kore shi, ya yi arewa. A Janairu 1902 ya sake tsayawa a Miskin, daf da Marwa, tare da dubban mahaya da dakaru, suka fuskanci 'yar ƙaramar rundunar Jamus ƙarƙashin Hans Dominik. Abin da ya raba gardama shi ne bindigar Maxim, wadda Hiram Maxim, haifaffen Amurka, ya ƙera a Landan a 1884, mai iya zubar da harsashi kusan 600 a minti ɗaya. Sukuwar dawaki a fili, wadda ta ci wa Fulani ƙasar tun farko, ita ce ta zama ajalin mahaya a gaban wannan bindiga. Zubairu ya tsira ranar, amma aka kashe shi a 1903 a ƙasar Lala. A 1907 an sake yunƙurawa da sunan Mahadi, Mal Alhaji a wajen Marwa, Goni Wadai a kusa da Garwa, su ma aka murƙushe su cikin ɗan lokaci.

Jamusawa ba su da yawa a arewa, don haka suka yi mulki ta hannun lamiɓɓe. Suka ajiye Razdan a Garwa, suka gina bariki, suka bar karɓar haraji da shari'a a hannun sarakunan da suka yi mubaya'a. A wurare da dama ma sun ƙara wa lamiɓɓen ƙarfi a kan ƙabilun da a da suka gagare su.

Da yaƙi ya ɓarke a Turai a Agusta 1914, Kamaru ta sami kanta a kewaye: Najeriyar Ingila a yamma, ƙasashen Faransa a gabas da kudu, teku kuma a hannun jiragen yaƙin Ingila. Shirin Jamusawa bai wuce su riƙe tsakiyar ƙasa ba, musamman tudun Ngaundare, har a gama yaƙi a Turai, don a zo teburin sulhu tutarsu na nan a kafe. Garwa ce ƙofar wannan tudu daga arewa, shi ya sa Kyaftin von Crailsheim ya kewaye ta da ganuwoyi da ramuka. Hafsoshin ɓangarorin biyu Turawa ne, amma masu riƙe da bindiga 'yan Afirka ne. Rundunar Najeriya cike take da Hausawa da Barebari da Yarabawa, da Hausa ake ba ta umarni, a cikin sojan Jaman ma akwai Hausawa. Bayan kowace runduna kuma ga jerin 'yan alaro, waɗanda akasari sarakuna ne suka tara su a kan tilas, suna ɗauke da harsashi da hatsi a ka.

Ingilishi sun ɗauka aikin kwana kaɗan ne. Rundunar Laftanar-Kanar Maclear ta taso daga Yola cikin damina, ta yi arangama da Jamusawa ranar 25 ga Agusta a Tepe, mahaɗar Binuwai da Faro. Daren 29 ga wata suka auka wa Garwa, suka kama ganuwa ɗaya. Gari na wayewa Jamusawa suka juyo musu da bindigogin Maxim, aka kashe Maclear da wasu hafsoshinsa, sauran suka koma Yola a warwatse. Kwanaki kaɗan bayan haka wata rundunar Ingila ta sha irin wannan kashi a Nsanakang, can kudu a bakin kogin Kuros. Duwala ta faɗi ranar 27 ga Satumba, Faransawa kuma suka ƙetaro daga Fort-Lamy ta Cadi suka ci Kusuri, amma Garwa ta yi wata tara ba a sake taɓa ta ba.

Crailsheim bai zauna jira ba. Ya sa aka ƙara wa ganuwoyin kauri, aka ja waya mai ƙaya, aka haƙa ramuka aka kafa tsinannun itatuwa a ciki. A Afrilu 1915 ya sulale da wani ɓangare na mutanensa ya shiga Najeriya, ya kai wa ɗan ƙaramin sansanin Gurin hari ranar 29 ga wata. An kashe kwamandan sansanin, Kyaftin Pawle, amma tsirarun sojojin da ke ciki suka ƙi ba da kai, Jamusawa suka koma Garwa ba tare da an tare su ba. A lokacin Laftanar-Kanar Brisset na Faransa ya riga ya gangaro daga arewa ta Marwa ya yi sansani kusa da Garwa, Kanar Cunliffe na Ingila kuma yana tara rundunarsa daga Yola.

Wannan karon igwa aka dogara da ita, ba jarunta ba. An ciro babbar igwa daga jirgin yaƙin Ingila mai suna Challenger, aka hauro da ita Neja da Binuwai, inda ruwa ya janye mutane suka ja ta a ƙasa. Faransawa ma suka kawo tasu mai bakin milimita 95. Daga 31 ga Mayu aka shiga ruwan wuta da rana, da dare kuma a matsa da ramuka kusa da ganuwa. Igwogin Jamusawa ba sa kaiwa inda waɗannan suke. Bayan kwana goma sojojin Crailsheim suka ƙi bin umarni, da yawa suka faɗa Binuwai don su tsere, kogi ya cika, ya ci wasunsu. Ranar 10 ga Yuni 1915 aka ɗaga farar tuta, Turawa 37 da sojojin Afirka 212 suka miƙa wuya. Ƙofa ta buɗe: Ngaundare ta faɗi a ƙarshen Yuni, Banyo a Nuwamba, Yawunde ranar 1 ga Janairu 1916. Gwamna Ebermaier da Kanar Zimmermann suka tsallaka da ragowar rundunarsu zuwa ƙasar Riyo Muni ta Sifen, wadda ba ta cikin yaƙin.

Saura Mora, can arewa a duwatsun Mandara. Tun Agusta 1914 Kyaftin Ernst von Raben ya bar barikinsa na ƙasa ya haye dutse da kamfani guda na soja. Kyaftin Fox ya zo daga Maiduguri ya kasa, Faransawa suka zo suka kasa, Cunliffe da kansa ya gwada a Satumba 1915 bayan ya gama da Garwa, shi ma ya janye. A Kirsimetin 1914 hafsoshin ɓangarorin biyu sun tsagaita wuta har da aika wa juna kyauta. Mutanen ƙauyukan gindin dutsen, waɗanda kowane ɓangare ke kwashe wa hatsi da dabbobi, ba su sami irin wannan hutu ba. Harsashi ya sami von Raben a ka, yunwa ta kai sojojinsa ga yanka dawakai da jakuna, duk da haka bai sauko ba sai ranar 18 ga Fabrairu 1916, bayan an tabbatar masa babu sauran Bajamushe mai yaƙi a Kamaru. Cikin sharuɗɗan da ya gindaya har da a biya sojojinsa albashin da suke bi, a bar su su koma gida.

Yola ta sa ran za a mayar mata da ƙasarta, tunda ta ba da mutane da abinci. Ba haka aka yi ba. A Maris 1916 Ingila da Faransa suka raba ganima, Faransa ta ɗauki kusan kashi huɗu cikin biyar, har da Garwa da Marwa da Ngaundare. Ingila ta karɓi siririn yanki a jikin Najeriya, wanda a ƙarshe ya haɗa da Dikwa da Mubi. Sanarwar Milner da Simon, wadda Ingila da Faransa suka sa wa hannu ranar 10 ga Yuli 1919, ta daidaita layin. Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya dage a taron Faris kada a kira ƙasashen da aka karɓe daga Jamus mallakar kowa, a riƙe su amana a ƙarƙashin Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, aka kuwa yi hakan a 1922, amma ita kanta Amurka ba ta shiga majalisar ba, kuma talaka bai ga bambancin amana da mulkin mallaka ba wajen haraji da aikin tilas. Hamman Yaji na Madagali, wanda ya bar rubutaccen tarihin harkokinsa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, ya yi sarauta ƙarƙashin Jamusawa da Faransawa da Ingilishi bi da bi, yana ci gaba da kai hari kan mutanen dutse har aka tuɓe shi.

A zamanin Faransa tashar jirgin ruwa ta Garwa ta ci gaba da aiki 'yan watannin da kogi ke cika, kaya suna shigowa ta Najeriya, auduga da gyaɗa suna fita. Hanyar mota da ta bi ta Figil, ta rabu biyu zuwa Marwa da kuma Lere a Cadi, ita ta ɗaga Figil tun kafin a kafa masa masana'antar siminti a farkon shekarun 1970 saboda farar ƙasar da ke yankin.

Rabon 1916 ya sake tasowa a lokacin 'yancin kai. Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa a 1924, wanda ya fara aiki a gidan waya, ya zama shugaban Kamaru bayan ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960, kuma ya so yankin amanar Ingila ya dawo. A zaɓen raba gardama na Fabrairu 1961 kudancin yankin ya zaɓi Kamaru, arewaci kuma ya zaɓi Najeriya da ƙuri'a 146,296, masu son Kamaru suka sami 97,659. Ranar 1 ga Yuni 1961 aka haɗe shi da Jihar Arewa, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, Ahijo kuwa ya ayyana ranar a matsayin ranar makoki. Kamaru ta kai Ingila ƙara Kotun Duniya, kotun ta ƙi yanke hukunci a Disamba 1963. Da Kamaru da Najeriya suka je gabanta kan rikicin Bakasi da Tafkin Cadi, hukuncin 10 ga Oktoba 2002 ya kafa iyakar arewa ne a kan sanarwar Milner da Simon ta 1919 da ta Thomson da Marchand ta 1929 zuwa 1930.