Tarihin Taswirar Gadon Silin Auduga

Kowane silin auduga ƙwayar halitta ɗaya ce tak, wadda ke tsirowa daga fatar gurya ta yi ta miƙewa har kusan milimita 30. Naƙasassun tsirrai ne suka tona asirin wannan miƙewa, irin waɗanda manomi zai tuge ya yar. A 1929 Griffee da Ligon suka bayyana wata auduga a Amurka mai murɗaɗɗen kara da ganye, silinta bai wuce milimita 6 ba, ko mazari ba zai kama shi ba. Aka kira ta Li1, aka yi ta adana irinta ba tare da sanin musabbabin ba. Dabarar ita ce a barbara naƙasasshiyar da lafiyayya, a bi zuriyarsu, a ga wace alamar DNA ce ba ta rabuwa da naƙasar. Taswirar farko ta irin waɗannan alamomi a auduga ta fito a 1994, aka karanta jerin gadon audugar da duniya ta fi nomawa a 2015. Daga nan aiki ya yi sauri. A 2016 masanan Nanjing a Sin suka gano cewa dushewar aikin ƙwayar gado MYB25-like ce ke sa wata gurya fitowa tsirara ba gashi, a 2017 kuma masanan New Orleans suka danganta Li1 da ɗan canji a furotin actin, wanda ke shimfiɗa wa sili hanyar tsawo daga ciki.

Mutumin Tanut ko Belbeji a Damargu zai iya cewa ina ruwansa, tunda Damargu ƙasar gero ce da kiwo, damina ba ta isar auduga. Amma a da ta nan ayari ke bi da turkuɗin Kura daga Kano zuwa Agadas, hanyar da matafiyi Barth ya ratsa a 1851, kuma mai kaɗi ta san gajeren sili zare mai tsinkewa yake bayarwa. Sukar da ta fi nauyi kan wannan bincike ita ce sanin abin da ke lalata sili bai tsawaita shi ba, don ƙwayoyin gado da yawa ne ke haɗuwa kan tsawo, ga ruwa da ƙasa. Gaskiya ne. Sai dai tun da aka kawo irin auduga mai suna Allen ƙasar Zariya a 1912, masu zaɓen iri, har da na cibiyar binciken noma ta Samaru daga baya, sai sun jira auduga ta fashe kafin su san wadda za su riƙe. Da alamar DNA, ɗan ganyen tsiro ya isa a tace dubbai. Shi ya sa tsofaffin irin gargajiya da Allen ta ture suka cancanci a tattara su a adana: an raina su don gajeren sili, alhali juriyar farinsu ce yanzu ake iya ɗauka a haɗa da dogon sili.