Daga Fitilar Kananzir Zuwa Tanderun Burodi: Tarihin Samun Lantarki Daga Zafi



Duk shekara idan bazara ta kama, zafin Yola ya haura digiri 40, sai ka ji ana cewa ina ma wannan zafin ya zama wutar lantarki. To, maganar tana da tarihi.

A 1821, shekara 20 kafin Modibbo Adama ya kafa Yola, wani Bajamushe mai suna Thomas Seebeck ya haɗa ƙarfe iri biyu, ya ɗumama mahaɗa ɗaya ya bar ɗayar da sanyi, sai ya ga allurar kamfas tana motsi. Ya zaci maganaɗisu ne, daga baya aka gane lantarki ne ke gudana. A shekarun 1950 Tarayyar Sobiyet ta riƙa ƙera wata na'ura da ake ɗorawa a kan fitilar kananzir. Harshen wuta na gasa cikinta, iska na sanyaya wajenta, wutar da ke fitowa kuma ta isa kunna rediyo. Iyayenmu ma da fitilar kananzir suke kwana, amma kullum sai an sayi batir. Kumbon Voyager da Amurka ta harba a 1977 da wannan dabara yake samun wuta, a 1998 kuma kamfanin Seiko ya fito da agogon da ɗumin jiki ke tafiyar da shi. Yanzu masu bincike sun koma kan irin wadda ke lanƙwasuwa kamar ƙyalle, a naɗa ta a hannu ko a jikin bututu.

Sai dai ba zafin ne ke kawo wutar ba, tazarar da ke tsakanin zafi da sanyi ce. A watan Afrilu iskar Jimeta kan kai fatar mutum zafi, har ta wuce, don haka na'urar hannu ba za ta tsinana mana abin kirki ba. Inda muke da tazarar shi ne tanderun burodi, tukubar mai tsire, murhun bandar kifi a bakin Binuwai, da salansar janareta.

Ko a can, abin da ke zama lantarki bai kai kashi 10 cikin 100 na zafin ba. Ba zai ɗauki firji ba, amma zai yi cajin waya ya kunna ƙaramin ƙwai. Wanda ya bi layin masu caji a 2024, lokacin da ɓarayi suka kayar da turakun layin Jos zuwa Gombe muka shafe makonni a duhu, ba zai raina wannan ba.