Fitilar da Ba Don Ido Aka Yi Ta Ba

Bahaushe ya san murjani tun kafin ya ga teku. Jan dutsen ado ne da fatake suke ƙetaro Sahara da shi daga gaɓar Bahar Rum, a huda shi a yi wa mata abin wuya, sunan ma daga Larabci muka aro shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan jan dutse ƙashin wata dabba ce, kuma dabbar tana da dangi barkatai. Murjanin adon namu a kogwannin ƙarƙashin ruwa da wurare masu zurfi yake tsirowa, bai damu da rana ba. 'Yan'uwansa na tekuna masu ɗumi kuwa, irin waɗanda suka gina tuddan da ke shimfiɗe a gaɓar Jidda da ta Port Sudan, rayuwarsu kacokan a kan haske ta rataya. Su ne mutanen Turai da Amurka suka shafe fiye da shekara ɗari suna ƙoƙarin rayawa a cikin tankin gilashi, suna ta mutuwa a hannunsu. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen wannan asara shi ne dogon ƙwan lantarkin nan da muka saba gani a rufin ofis da ajin makaranta, amma wani irinsa da ba a ƙera don idon ɗan Adam ba.

Farkon labarin a Ingila ne. A shekarar 1846 wata mata mai suna Anna Thynne ta kwaso ƙananan murjanai daga gaɓar Torquay ta kai su gidanta a Landan, ta riƙe su da rai shekaru, ta hanyar sa a riƙa sheƙa ruwansu daga wannan mazubi zuwa wancan don iska ta shiga. A 1853 gidan namun dajin Landan ya buɗe ɗakin kifaye ga jama'a, shekara guda bayan haka littafin Philip Henry Gosse ya sa kiwon halittun teku a gida ya zama abin yayi. Sai dai murjanin Thynne na ruwan sanyi ne, da farauta yake ci. Da aka fara kawo na ƙasashe masu zafi, sai ya riƙa kwana kaɗan ya yi fari fat, namansa ya sale. Har zuwa shekarun 1970, abin da ake ƙawata tankin ruwan gishiri da shi yawanci matattun ƙasusuwan murjani ne, waɗanda ake cirowa lokaci lokaci a wanke da sinadarin bilic a mayar.

Masana ma sun daɗe a cikin duhu. Tun ƙarni na 19 an san cewa a cikin naman murjani akwai wasu ƙwayoyin gansakuka masu launin ƙasa ƙasa, miliyoyi, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Amma me suke yi a can? Maurice Yonge, wanda ya jagoranci tawagar Birtaniya zuwa babban tudun murjanin Ostireliya a 1928 zuwa 1929, ya tsaya a kan cewa murjani mafarauci ne kawai, gansakukar kuma aikinta kwashe masa ƙazanta. Wannan ra'ayi ya yi ƙarfi har shekara talatin. A 1958 Leonard Muscatine da Cadet Hand suka yi amfani da kabon mai alamar nukiliya suka nuna cewa abincin da gansakukar ke haɗawa da haske yana tsallakawa cikin jikin dabbar da ta ba ta masauki. A 1959 Thomas Goreau, yana aiki a Jamaika, ya nuna cewa murjani yana gina ƙashinsa cikin haske da saurin da ya ninka na cikin duhu. Ashe murjani manomi ne, gonarsa a cikin fatarsa take. Wanda ya ajiye shi a falo mai duhu yunwa ya ɗaure shi da ita, ko da ruwan ya fi na tulu tsabta.

Wani mazaunin Jakarta, Lee Chin Eng, ya riga Turawa gane hanya. A 1961 ya bayyana a wata mujallar masu kiwon kifi ta Amurka yadda yake raya murjani da ruwan teku, da duwatsu masu rai da aka ɗebo daga tudu, da kumfar iska, da hasken rana. Mutane da yawa ba su gaskata shi ba, waɗanda suka gwada kuma suka kasa. Ba abin mamaki ba ne. Ranar Jakarta daban, ta Berlin a watan Disamba daban.

Dole ke nan a nemo rana ta lantarki, kuma wadda ke kusa ita ce dogon ƙwai. Kamfanin General Electric ya fitar da shi kasuwa a 1938. Yadda yake aiki shi ne gaba ɗayan sirrin wannan labari. A cikin bututun gilashin akwai ɗan ɗigon zaiba. Idan wuta ta ratsa tururinta, sai ta fitar da wani haske da ido ba ya gani. Farar hodar da aka shafe cikin bututun da ita ce ke shanye wannan ɓoyayyen haske ta mayar da shi wanda ake gani. Ma'ana, launin fitilar ba daga wutar yake ba, daga hodar yake. Canja haɗin hoda, ka canja launi.

Masana suna auna launin haske da nanomita: shunayya wajen 400, shuɗi wajen 450, kore wajen 550, ja daga 650 zuwa 700. Idon mutum ya fi jin haske a 555, tsakanin kore da rawaya, saboda haka masu ƙera fitilun ofis suka tara ƙarfinsu a wannan yanki, ma'aunin lumen da ake rubutawa a jikin kwali ma da ido aka daidaita shi. Teku kuwa ba ruwanta da idonmu. Ruwa yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, a zurfin mita goma kusan ya ƙare, shuɗi ne ke ci gaba da nutsawa. Gansakukar murjani ta saba da wannan, sinadaranta sun fi kama haske daga wajen 430 zuwa sama da 500. Mai tanki sai ya jera fitilun ofis huɗu, falo ya haskaka tamkar tsakar rana, murjaninsa kuwa yana cikin almuru.

Maganin ya fito daga inda ba a zata ba. Kamfanin Philips na ƙasar Holan yana da wani ƙwai mai lamba 03, wanda ake kira aktinik, da aka yi domin injinan kwafe zanen gine gine da sauran ayyukan da ake gasa sinadari da haske. Kusan duk ƙarfinsa a 420 ya taru. Ga ido, fitila ce mai rauni, shuɗiya mai sirkin shunayya, ba za ka iya karatu da ita ba. Masu kiwon murjani a Jamus da Holan suka fara haɗa ta da fararen fitilu, sai dabbobin suka buɗe, suka ci gaba da girma. A 1986 wani ɗan Holan, George Smit, ya rubuta jerin maƙalu a mujallar Freshwater and Marine Aquarium ta Amurka, da hotunan tankunan Turai cike da halittu masu rai. Amurkawa suka ga abin da suka ɗauka ba ya yiwuwa, cikin 'yan shekaru aktinik ta zama abin da ba a kafa tanki sai da ita.

Ba za a ba fitila yabon duka ba. Littafin Peter Wilkens na 1973 da ƙungiyar masu kiwo ta Berlin su ne suka warware matsalar kalsiyam da tace ruwa, kuma a can ne Dietrich Stüber ya raya murjanin Acropora mai rassa wajen 1980, wanda a da ake cewa ba ya zama a gilashi. Akwai kuma fitilar halayid mai tsananin ƙarfi da tsananin zafi, wadda ta daɗe tana mulkin manyan tankuna. Amma ko masu halayid ɗin, da yawansu a gefenta suke liƙa aktinik.

Daga nan sai tseren ƙarfi. Lambar da ke bin harafin T a sunan ƙwai kaurinsa take nunawa, da kashi takwas na inci: T12 inci ɗaya da rabi ne, T8 inci ɗaya, T5 kashi biyar cikin takwas. Ƙwan T12 na ofis mai tsawon ƙafa huɗu wat 40 yake ci. A shekarun 1990 Amurkawa suka koma ga irinsa da ake ɗura wa wuta har wat 110, suka kuma gwada lanƙwasasshen ƙwai mai baki ɗaya. Sai T5 mai ƙarfi ya bayyana a Turai a tsakiyar shekarun 1990, da girma huɗu: wat 24, da 39, da 54, da 80. Fifikonsa ba a yawan wutar yake ba, a sirantakarsa yake. Ƙwai yana watsa haske ta kowane ɓangare, rabinsa sama yake tafiya. Idan aka kifa masa faifan aluminiyam mai sheƙi don ya maido da hasken ƙasa, ƙwai mai kauri da jikinsa yake tare hanya. Siriri kuwa yana barin hasken ya kewaye shi ya faɗa ruwa. Shi ya sa kamfanonin Jamus irin su ATI da Giesemann suka riƙa ba kowane ƙwai nasa lanƙwasasshen madubi, kuma a ganina wannan ɗan faifan ƙarfe ya fi duk wani sunan launi da ake tallatawa a kwali muhimmanci. Wanda zai zaɓi kayan fitila, ya fara duban madubin, sannan na'urar daidaita wuta, wadda masu gyaran lantarkinmu ke kira cok. Ta zamani mai ɗumama bakin ƙwai kafin ta kunna shi ta fi tsawaita ransa, kuma ba ta ƙyaftawa. Haɗin launi ya zo daga baya: yawanci shuɗi biyu ko uku a kan fari ɗaya, da yawan ƙwai gwargwadon zurfin tanki da irin murjanin da ke ciki, domin mai laushi ya fi mai rassa haƙuri da ƙarancin haske.

Kula da fitilar ma a kan wannan rashin amincewa da ido aka gina ta. Hodar cikin ƙwai tana tsufa a hankali, ƙarfinta yana raguwa, launinta yana gusawa, alhali ƙwan yana ci gaba da kamawa kamar lafiya lau. Ido yana sabawa da raguwar kullum, ba ya gani. Murjani ne ke gani: girmansa ya tsaya, launinsa ya koma ƙasa ƙasa. Saboda haka al'adar masu kiwo ita ce a sauke T5 bayan wata tara zuwa shekara guda ko da yana ci, a rubuta ranar ɗaura shi a bakinsa. Sannan ba a canja su duka rana ɗaya. Murjanin da ya yi watanni yana sabawa da haske mai rauni, idan aka kwararo masa sabo gaba ɗaya, gansakukarsa tana shan fiye da abin da za ta iya sarrafawa, sai ya tofar da ita ya yi fari, irin farin da ake gani a teku idan ruwa ya yi zafi fiye da kima. Ƙwai ɗaya ko biyu a mako ya isa, ko a ɗaga fitilar sama na ɗan lokaci.

Zafi ma yana da nasa hukunci. An tsara T5 ya ba da mafi yawan haskensa idan iskar da ke kewaye da shi ta kai digiri 35, amma ƙwai shida ko takwas a rufaffen akwati suna wuce nan nesa ba kusa ba, haske ya ragu, hoda ta tsufa da wuri. Ƙananan fankokin da ke jikin akwatin ba ado ba ne. Sai gishiri. Duk feshin da ya tashi daga tanki yana bushewa ya bar farin ɓawo a jikin ƙwai da madubi, yana tare haske, yana cin aluminiyam, yana kuma ratsawa cikin soket. Tsumma mai laima da ruwan daɗi kowane mako biyu, bayan an zare wuta ƙwan ya huce, ya fi sayen sabon ƙwai araha. Kuma tun da ruwan gishiri yana ɗaukar wuta fiye da na famfo, soket mai robar hana ruwa da makatsar wuta mai gane yoyo ba abin da ake yi wa ƙwauro ba ne.

Aktinik ta kawo wata kyauta da ba a nema ba. A ƙarƙashinta murjani yana ƙyalli da kore da ja da ruwan lemo kamar an kunna shi daga ciki, domin a namansa akwai furotin da ke yin irin aikin hodar ƙwai: ya sha shuɗi, ya mayar da wani launi. A 1999 Mikhail Matz da Sergey Lukyanov da abokan aikinsu a Mosko suka ciro ƙwayar gadon jan furotin ɗin daga wani dangin murjani mai suna Discosoma, wanda ba daga teku suka samo shi ba, daga tankin kiwo na cikin birnin ne. Zuriyar wannan furotin ce masu binciken lafiya ke yi wa ƙwayoyin halitta alama da ita a ɗakunan gwaji har yau.

Shuɗiyar fitilar LED da Shuji Nakamura ya fitar a Japan a 1993 ta ɗauki kusan shekara ashirin kafin ta mamaye tankuna, amma ta mamaye. Ba ta cin wuta sosai, ba a canja ta duk shekara, ana sarrafa launinta daga waya. Duk da haka T5 bai mutu ba, saboda LED daga 'yan ɗigo take harbo haske, tana barin inuwa a ƙarƙashin rassan murjani har gindinsu ya mutu, shi kuwa dogon ƙwai yana lulluɓe tanki ta ko'ina kamar hasken ranar da ta ratso gajimare. Masu Acropora da yawa sun koma haɗa biyun a akwati ɗaya.

Abin da zai kawar da shi a ƙarshe ɗigon zaibar nan ne. Daga ƙarshen watan Agustan 2023 Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin T5 da T8 na haskaka gine gine kasuwarta. A watan Nuwamban shekarar, ƙasashen da suka sa hannu a Yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba suka amince a Jeneba cewa zuwa ƙarshen 2027 za a daina ƙera irin waɗannan fitilu da cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma rukunin ƙasashen Afirka ne ya gabatar da shawarar. Dokokin fitilun gidaje da ofisoshi suka nufa, amma ƙwan tanki a injinan da ke ƙera na ofis ake yin sa, kasuwarsa ita kaɗai kuwa ba ta kai ta riƙe masana'anta ba.