Albarushi da Maharbi: Tarihin Zaɓen Makamashin Bindiga a Ƙasar Batsari da Safana

A wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin bin diddigin wani abu da masana tarihi ba su cika kula da shi ba, watau albarushin da maharbi ke ɗura wa bindigarsa. An yi rubuce-rubuce a kan bindiga, musamman littafin Joseph Smaldone na 1977 a kan yaƙe-yaƙen Daular Usmaniyya, amma bindiga ba albarushi sanda ce kawai. Mun zaɓi ƙasar Batsari da Safana ne saboda maƙwabtakarsu da Dajin Rugu.

Kalmomin su kansu shaida ne. Albarushi da bindiga da harsashi duka aro ne daga Larabci, abin da ke nuna cewa ta arewa da gabas Bahaushe ya fara sanin su. Mai Idris Alooma na Barno ya yi amfani da 'yan bindiga Turkawa a ƙarni na 16, kuma Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki (1768-1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Daga baya bindigogin 'yan kasuwar Turai suka riƙa haurowa daga bakin teku ta ƙasar Nufe.

Duk da haka, ba mu ganin maharbin Ruma ko na Runka ya yi saurin ajiye bakansa. A ƙarni na 19 wannan yanki fagen fama ne tsakanin Katsina da Maraɗi, garuruwa suka watse, daji ya rufe gonaki, namun daji suka yawaita. Kibiya mai dafin kwankwani ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, kuma ba a sayen ta daga fatake. Ba banza ba ne sarautar shugaban maharba ta tsaya a kan Sarkin Baka. Bindiga ta sarakuna ce, domin su ke da halin tara albarushi. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, har sa wa ya yi ana haɗa albarushi da ƙera igwa a birninsa.

Shi baƙin albarushi abu uku ne ke cikinsa: gawayi, da farar wuta, da wani irin gishiri da ake tacewa daga ƙasa. A nan ne zaɓe ya shigo, domin bindigar toka ta baki ake ɗura ta, kowane harbi kuwa hukunci ne da maharbi ya yanke da hannunsa. Albarushi mai manyan ƙwayoyi yana ci a hankali, mai laushi kamar gari yana kamawa nan take, ya fi kuma matsa wa bututu. Wanda zai harbi zabo da wanda ya fita neman gwanki ba awo ɗaya za su zuba ba. Sa'an nan ga damina: albarushi yana shan raɓa, in ya sha kuwa sai kunama ta faɗa bindiga ta yi shiru, maharbi na tsaye gaba da dabbar da ta riga ta gan shi. Har ila yau yana barin dauɗa a cikin bututu, ga hayaƙin da ke rufe ido bayan harbi. Laƙabin nan na ba'a, harba-ka-ruga, daga jinkirin sake ɗuri ya samo asali.

Yayin da ake wannan fama, sai Turai ta sauya hanya. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya ƙago albarushi marar hayaƙi, aka fara amfani da shi a bindigar Lebel a 1886, Ingila ta biyo da nata a 1889. A 1890 kuma ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar Birasels, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, amma ta bar ƙofa ga bindiga mai ƙanƙara da baƙin albarushin kasuwa. A ganinmu wannan ita ce mararrabar tarihin. Tun kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato su shigo Katsina a 1903, an riga an zaɓar wa maharbinmu albarushinsa a wani zaure da bai taɓa jin sunansa ba.

Dokar Makamai ta 1959 ta bi wannan sawu. Ta kasa bindigogi gida uku, ta sa masu ɗurin baki a rukuni na ƙarshe, ta kuma hana ƙera bindiga ko harsashi ba da izni ba. Saboda haka al'adar da ta bunƙasa a Amurka, inda mafarauci ke sake ɗura kwanson harsashinsa da sikeli da jadawalin awo na kamfani, ba ta sami gindin zama a nan ba. Abin da muka samu shi ne maƙerin ƙauye mai yin bututu da famfon ruwa ko sandar sitiyarin mota.

Haɗarin yana nan inda zamunna biyu suka gamu. Albarushin da ke cikin harsashin kamfani an auna shi ne domin ƙarfen da aka gwada ƙarfinsa, kuma matsinsa ya zarce na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. Wanda ya farke harsashi ya juye cikinsa a bindigar toka, da awon da ya gada daga mahaifinsa, bututun na iya tarwatsewa a hannunsa. Ilmin gado daidai yake, amma ga albarushin da aka gina shi a kansa.

A 'yan shekarun nan tambayar ta tashi daga farauta. Dajin Rugu ya zama mafakar 'yan fashi masu bindigar AK-47, kuma a watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. Maharba da 'yan sintiri da suka tsaya kare garuruwansu, da yawa bindigar toka suka riƙe, mai harbi ɗaya kafin a sake ɗuri, gaba da mai harsashi 30 a gidansa. A 2023 gwamnatin Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma, ta ɗebi matasa daga ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa, ciki har da Batsari da Safana.